Zuma ga zaƙi ga harbi: parasetamol da hantar mutanen Damargu

A wannan mako za mu bar ƴan siyasa su huta, mu sa hannu cikin aljihunanmu mu duba wani abu ƙarami da muka raina saboda sabo. Duk wanda ya lalube aljihun ɗan kasuwar Tanut, ko ya jawo akwatin teburin ma'aikaci a biro, ko ya buɗe kwallar uwargida a Belbeji, da wuya ya rasa wata farar ƙwaya wadda wasu ke ce wa parasetamol, wasu Panadol, wasu kuma Doliprane. Ita ce ta ciwon kai, ita ce ta haƙori, ita ce ta masassara da gajiyar noma. Ba mu zo don mu kushe ta ba, domin magani ne na ƙwarai, mai araha, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin jerin magungunan da bai kamata wata ƙasa ta rasa ba. Mun zo ne mu tuna wa juna cewa zuma ga zaƙi ga harbi.

Abin da ya jawo wannan magana shi ne abin da ya sami wani ɗan'uwana, dillalin hatsi, wanda ke saye a ƙauyukan Tarka yana kai wa Damagaram. Cikin kaka, lokacin da ciniki ya buɗe, haƙori ya kama shi. Ya ce ba shi da ranar da zai ɓata a layin likita alhali kamiyo na jiran lodi. Bayan sallar asuba ya sha ƙwaya 2, da hantsi ya ƙara 2. Da azahar mai tallar magani ya ba shi wasu masu jan kwali, ya ce waɗannan sun fi ƙarfi, ya sha 2. Da la'asar ya koma ga farare ya sha 2. Da magariba ya ji kamar mura, ya dama wani garin magani ƙunshi guda. Bayan lisha ya sha 2, da tsakar dare haƙori ya tashe shi ya ƙara 2. A nasa lissafi magani iri uku ya sha, kowane kaɗan kaɗan. Ashe duka ukun parasetamol ne, miligiram 500 a kowane ɗaya: 13 ke nan, watau giram 6 da rabi a kwana guda. Haka ya yi kwana uku, ga shi ba ya iya tauna abinci, sai shayi da ɗan fura. A rana ta huɗu amai ya fara, aka ce masassarar sauro ce, ya ƙara shan ƙwaya. A ta biyar idanunsa suka yi rawaya, tsofaffi suka ce shawara ce, aka kawo jiƙo. Allah ya sa ƙanin matarsa, wanda malamin lekol ne, ya zazzage aljihun rigarsa ya ga katunan magani da aka cinye, ya ƙirga su, ya sa shi mota ba tare da jayayya da kowa ba. Ya rayu, alhamdu lillahi, amma ya fi mako biyu a gadon asibiti, cinikin kakar nan kuma ya wuce shi. Ranar da ya ƙi ɓatawa ta ci masa wata guda.

Yadda ƙwaya ke cin hanta

Wannan magani ba sabo ba ne. An fara sayar da shi da yawa a Amurka a 1955, a Ingila a 1956, kana Doliprane ya fito a Faransa a 1964. Amma tun 1966 likitoci a ƙasar Sukotlan suka ba da labarin mutanen farko da hantarsu ta lalace saboda sun sha shi fiye da kima. A yau shi ne kan gaba cikin abubuwan da ke kashe hanta farat ɗaya a Ingila da Amurka, a Faransa kuma shi ne na farko cikin magungunan da ke sa a yi wa mutum dashen hanta. In haka ta kasance a ƙasashen da kowa ke iya karanta takardar da ke cikin kwali, ina ga mu?

Ga yadda abin yake. Duk ƙwayar da muka haɗiya hanta ce ke sarrafa ta. Mafi yawanta takan mayar da shi abin da ba shi da illa, ya fita ta fitsari. Amma wani ɗan kaso kaɗan yakan rikiɗe ya zama guba. Allah cikin hikimarsa ya ajiye wa hanta wani sinadari, wanda masana ke kira gulutatiyon, mai kama wannan guba ya kashe kaifinta. Mu ɗauke shi kamar rumbu. Mutumin Damargu ya san cewa rumbun da aka auna wa gida guda zai kai shi damina, amma in baƙi suka yi yawa sai ya ƙare tun bazara. Haka hanta take: in an sha magani bisa ƙa'ida, rumbunta na isa, yana kuma sake cika, in an zarce, sai ya ƙare, gubar ta rasa mai tare ta, ta shiga cin naman hantar kanta. Ba sai an sha da yawa a tashi ɗaya ba. Ƙari kaɗan kaɗan na kwana biyu ko uku, irin na ɗan'uwana, yana kai mutum ga wannan rami, kuma ya fi wuyar ganewa.

Muguntar wannan guba ita ce ba ta yin sallama. A kwanan farko mutum na iya jin tashin zuciya, amai, zufa da kasala, yana kuma iya zama garau kamar bai sha kome ba. A kwana na biyu da na uku aman yakan lafa, iyali su ce an samu sauƙi, alhali a lokacin ne hanta ke lalacewa. Alamar da akan ji ita ce ciwo a gefen dama na ciki, ƙarƙashin haƙarƙari, da raguwar fitsari ko duhunsa. Daga kwana na uku zuwa na biyar sai ido ya yi rawaya, jini ya riƙa fita ta dasashi ko ta hanci, mutum ya rikice yana sambatu, barci ya yi masa nauyi, daga nan sai suma. Ƙoda ma takan tsaya. Saboda haka wanda ya ce zai jira ya ga alama tukuna, ya sani cewa alamar takan zo ne bayan ɓarna ta auku.

Kowane abu da tiyarsa

Ɗan kasuwa ba ya sayar da hatsi da ka, sai da tiya. To magani ma yana da tiyarsa. Ga babban mutum mai lafiya wanda nauyinsa ya haura kilo 50, awon shi ne ƙwaya 1 ko 2 masu miligiram 500 a sha guda, kada a wuce giram 1. Tsakanin sha da sha a bar awa 6, in ciwo ya matsa ƙwarai kada a gaza awa 4. A kwana guda, dare da rana, kada a wuce giram 3, watau ƙwaya 6, sai in likita ne ya ce a kai giram 4, wanda shi ne iyaka ta ƙarshe ga kowa. A lura kuma akwai ƙwaya mai giram 1 cur, musamman irin wadda ake jefawa cikin ruwa tana tafasa. Ita ɗaya daidai take da biyu.

Wanda ba shi da agogo yana da salla. Asuba, azahar, lisha: sha uku ke nan, da tazara mai kyau a tsakani. Amma ba bayan kowace salla ba, domin tsakanin azahar da la'asar, ko magariba da lisha, lokacin bai kai ba. Haka nan mai azumi kada ya tara rabon yini duka ya haɗiye da sahur wai don ya riƙe shi har faɗuwar rana. Ƙarin ƙwaya ba ya ƙara sauƙi. Bayan an kai awo, abin da aka ɗora hanta ce kaɗai ke biyansa. In masassara ta wuce kwana 3, ko ciwo ya wuce kwana 5, to a bar ƙwaya a nemi likita. Parasetamol na saukar da zafin jiki, amma ba ya kashe ƙwayar cutar sauro, ba ya maganin sanƙarau, ba ya cire ruɓaɓɓen haƙori. Rufe tukunya yake yi, wuta na nan a ƙasa.

Maganar yara ta fi tsanani, domin su da nauyi ake auna musu, ba da shekaru ko da tsananin kuka ba: miligiram 15 a kowane kilo, sau 4 a kwana, da tazarar awa 6. Yaro mai kilo 10 rabonsa miligiram 150 ne a sha guda. Ƙwayar manya guda ɗaya ta ninka wannan fiye da sau uku, rabinta ma ya yi masa yawa. Ruwan magani na yara, wanda muke ce wa siro, ba ƙarfinsa ɗaya ba: wani yana da miligiram 120 a mililita 5, wani 250. Saboda haka a yi amfani da ma'aunin da ya zo cikin kwalin, kada a ɗauki na wata kwalba, kada kuma a yi awo da cokalin shayi ko murfi. Wanda ake sa wa yaro ta dubura shi ma yana cikin lissafi. Akwai kuma wani haɗari na gidajenmu masu yawan hannu: uwa ta ba yaro da safe ta tafi rijiya, kaka ta ji jikinsa da zafi ta ƙara, abokiyar zama ta zo da tausayinta ita ma ta ba shi. Kowa alheri ya nufa, amma yaro ya sha na mutum uku. A bar wa mutum ɗaya aikin ba da magani, a kuma rataye shi inda hannun yara ba ya kai, domin siro yana da zaƙi.

Akwai waɗanda rumbun hantarsu ba cike yake ba tun asali, waɗanda awon da ba ya cutar da wani su yana iya kayar da su. Su ne mai ciwon hanta, kuma kowa ya san irin wanda likitoci ke kira hepatit B ya yawaita a ƙasashenmu, da yawa suna ɗauke da shi ba su sani ba; da mashayin giya; da tsoho ko babban da bai kai kilo 50 ba; da wanda ya kwana biyu bai ci abinci ba ko ruwan jikinsa ya ƙare; da yaro mai tamowa, abin da Damargu ta gani da idonta a 1984 da 2005, kuma yake dawowa duk lokacin da rumbuna suka yi ƙasa kafin sabon hatsi. Haka kuma masu shan maganin tarin fuka ko na farfaɗiya irin su Gardénal. Duk waɗannan kada su auna wa kansu, su bari ma'aikacin lafiya ya auna musu.

Suna da yawa, abu ɗaya

Tarkon da ya fi kama mutane shi ne yawan sunaye. Doliprane, Efferalgan, Dafalgan da Panadol duk parasetamol ne. Magungunan mura da na ciwon jiki irin su Fervex, Mixagrip, Procold, Boska da Ibucap duk akwai shi a cikinsu, haɗe da wasu abubuwa. Ba laifin magungunan ba ne, domin an rubuta a jikin kwali. Laifin namu ne da ba mu dubawa. Kayan da ke shigo mana daga Kano rubutunsu na Ingilishi ne, na farmasi na Faransanci, amma kalmar kusan ɗaya ce a harsunan biyu. Sai dai na Amurka, inda ake rubuta acetaminophen, shi ma abu ɗaya ne. Wanda ya yi lekol ya karanta wa wanda bai yi ba. Wannan sadaka ce.

Yaya aka yi magani ya koma kayan tebur tare da goro da alewa? Manya sun tuna watan Janairu na 1994, lokacin da aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, kuɗin maganin da ake kawowa daga waje ya yi tashin gwauron zabi. Talaka ya juya wa farmasi baya, ya koma ga abin da Faransanci ke yi wa ba'a da sunan farmasin ƙasa, inda ake sayar da ƙwaya ɗai-ɗai da ƴan daloli, ba kwali, ba takarda, rana na dukanta tun safe. Dokar harhaɗa magunguna ta 10 ga Janairu 1997 ta keɓe sayar da magani ga masu izini, amma duk wanda ya ci kasuwar Bakin Birji, ko Gangara, ko Belbeji, ya san tsakanin doka da tire akwai tafiya. Ba ma cewa mai talla mugu ne. Abincinsa yake nema, kuma sau da yawa shi kaɗai ne ke kai magani rugar da ba ta taɓa ganin likita ba. Amma wanda bai san abin da ke cikin ƙwaya ba, ba zai iya faɗa maka awonta ba. Ban da wannan akwai haɗarin gurɓatacce. A 1990 yara fiye da 100 suka mutu a Nijeriya, da yawansu a Jos, bayan an ba su siron parasetamol da aka haɗa da wani ruwa mai guba mai kashe ƙoda; a 2008 irin haka ta sake aukuwa da wani maganin fitar haƙoran jarirai, yara fiye da 80 suka rasu. Araha ba ta ado.

In ta riga ta auku

Labari mai daɗi shi ne wannan guba tana da makari. Sunansa asetilsistayin, likitocin Edimbura da na Amurka suka tabbatar da amfaninsa a shekarun 1970. Aikinsa shi ne sake cika rumbun nan na hanta. Ana ba da shi ta ƙarin ruwa ko ta baki. In an fara shi cikin awa 8 na farko, kusan kullum hanta takan tsira. Bayan haka ƙarfinsa na raguwa, amma yana da amfani ko an kwana, don haka kada a ce lokaci ya wuce a zauna gida. Daga Tanut zuwa babban asibitin ƙasa na Damagaram kusan kilomita 150 ne. Wanda ke rijiyoyin Tenhiya ko ƙauyukan Tarka sai ya fara neman motar da za ta fitar da shi bakin hanya. Awa 8 ba ta da yawa ga mutumin Damargu, ba ta isa a ɓata rabinta wajen shawarar dangi ba.

Saboda haka, da zarar an gane mutum ya wuce awo, ko an tarar da yaro da kwalba a hannu, a nufi gidan likita mafi kusa nan take, ko da mai abin yana dariya yana cewa lafiyarsa lau. A tattara katuna da kwalaye da kwalabe duka, har waɗanda aka cinye, a tafi da su. A faɗa wa majo gaskiya: nawa aka sha, ƙarfe nawa, kwana nawa aka yi ana sha. Inda akwai awon jini, ana yin sa ne daga awa 4 bayan shan maganin. Inda babu, da maganar bakinku likita zai yi hukunci, don haka ƙarya a nan kisan kai ce. Kada a tilasta amai da ruwan gishiri ko da yatsa. Nono, da man gyaɗa, da tsamiya, da jiƙo ba sa karya wannan guba. Akwai gawayi na musamman da asibiti ke bayarwa cikin awa ta farko ko ta biyu, amma ba gawayin murhu ba ne. Makarin ma, ko da yake ana samun irinsa a farmasi cikin ƙananan ƙunshi na maganin majina masu miligiram 200, ba aikin gida ba ne: mutum mai kilo 60 yana bukatar ƙunshi 42 a sha na farko kaɗai, sauran kuma su biyo baya har kwana uku, bisa lissafin likita. In mutum ya suma, a kwantar da shi ta gefe, kada a ɗura masa kome a baki.

Akwai kuma maganar da ba mu son faɗa. Wani lokaci ba kuskure ba ne: yarinya ce da aka matsa wa, ko saurayi da bashi ya rufe, baƙin ciki ya sa suka sha da gangan. Iyali kan ɓoye don gudun abin kunya, su yi ta jira har ido ya yi rawaya. Jama'a, kunya ba ta kai rai ba. A kai shi asibiti tukuna, ba zagi, ba duka. In ya tashi a zauna da shi a ji damuwarsa, a haɗa shi da likita da wani babba da ya yarda da shi, kada a bar shi shi kaɗai.

Kira ga masu iko

Wasu ƙasashe sun ɗauki mataki. Tun 1998 Ingila ta hana kanti sayar da kwali mai fiye da ƙwaya 16, farmasi kuma 32. A Faransa kwali ba ya wuce giram 8, an tilasta rubuta gargaɗi a jikinsa a 2019, kana daga 15 ga Janairu 2020 aka mayar da maganin bayan kanta, sai mai farmasi ya miƙo maka da hannunsa. Mu ba mu kai can ba, amma akwai abin da muke iyawa. Muna kira ga hukumomin lafiya na jahar Damagaram da su tabbatar makarin nan yana ajiye a Tanut da Belbeji, wadda ta zama gunduma mai cin gashin kanta tun 2011, domin kada ran mutum ya dogara ga samun mota. Muna kira ga gidajen rediyon karkara da su faɗi awon nan da Hausa da Tamajak da Fulatanci da Barbarci. Muna kira ga sarakuna da limamai da shugabannin ƴan kasuwa da na tasha su sa baki, domin direbobi da ƴan dako ne suka fi shan ƙwayar gajiya. Mu kuma mu tuna cewa tun 2006 hukuma ta ɗauke kuɗin duba yara ƴan ƙasa da shekara 5, a watan Satumba na 2024 kuma aka rage kuɗin asibitocin gwamnati da rabi. Ko da wani lokaci akan rasa magani a kanta, awon nauyin yaro da gwajin masassarar sauro sun fi ƙwayar da aka saya da ka.

Ɗan'uwana ya koma kasuwa. An cire haƙorin cikin ƴan mintoci, da kuɗin da bai kai na tiya uku ba. Yanzu in ya ga abokin ciniki ya ɓare kati zai watsa baki, sai ya riƙe hannunsa ya ce: «Alhaji, na nawa ke nan yau?» Wannan tambaya ita ce muke so kowa ya yi wa kansa da iyalinsa. In kunne ya ji, gangar jiki ta tsira.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.